Shaidun wasiyyar Baba, ɗaya ya rasu ɗaya ba baki

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma duk sanda na fara sai in goge, dan akwai mutanen da har gobe nake jin nauyinsu kuma bana so ya zama kaman tonon silili nake. Shi yasa ba zan kama sunan kowa ba. Abun da yasa na daure yau, kwanaki na raka wata ƙawata kotu sai naga wata baiwar Allah zaune a benci ta rungume fayil tana share hawaye da gefen mayafi, wallahi kaina na gani a wurin, dan nayi irin wannan zaman wata 20 cur.

Ni agola ce. Gara in faɗa tun farko dan duk labarin akan wannan kalmar yake tafiya. Ina shekara 4 mahaifina ya rasu, a hoto kawai na san shi. Ina shekara 6 Mama ta sake aure ta tafi dani gidan mijin, shi kuma yana da yara 3 da matarsa ta farko da Allah Ya yiwa rasuwa, maza biyu mace ɗaya, duk sun girme ni sosai. Mama bata haihu dashi ba. To tun ranar da na shiga gidan mutumin nan bai taɓa bari a kira ni da wannan sunan a gabansa ba, in baƙo ya tambaya wannan fa, sai yace autata ce. Shi ya saka ni makaranta, shi yake zuwa in an kira iyaye, kuma duk ƙarshen zango shi yake sa hannu a katin sakamakona, zai zauna ya saka tabarau ya bi maki ɗaya bayan ɗaya kaman wanda yake duba lissafin ofis, sannan ya ja sa hannunsa mai doguwar jela a ƙasa. Na ajiye katunan nan duka a wata tsohuwar jaka, ba dan komai ba, kawai ni mutum ce mai ajiyar takarda.

Ina shekara 22 Mama ta rasu. Bayan an watse da zaman makoki naji ana ta ƙus-ƙus wai yanzu sai yarinyar nan ta koma dangin ubanta, nima har na fara haɗa kaya dan kar sai an faɗa min. Baba ya shigo ya ga akwati a buɗe yace ke ina zaki? Nace Baba naga kaman.... bai bari na ƙarasa ba yace maida kayan nan, nan ne gidanku. Yayyena duk sun yi aure kowa ya kama gabansa, sai ya zama ni dashi ne a gidan, ni nake raka shi asibiti dan yana da ciwon suga, ni nake ƙirga masa magani. Ko da nayi aure ban yi nisa ba, kullum sai na leƙo.

Akwai wata rana, shekara 7 kafin rasuwarsa, da yamma, abokansa biyu suka zo. Ɗaya tsohon abokin aikinsa ne da suka yi ritaya tare, ɗaya kuma maƙwabcinmu na jikin katanga. Na shiga na gaishe su naga ambulan da biro akan tebur, ina shirin zama a gefe kaman yanda na saba sai Baba yace ɗan bamu wuri, ki ja mana ƙofar. Gaskiya naji wani iri a raina, dan bai taɓa korata daga ɗaki ba, har nake cewa a zuciyata ashe dai akwai maganar da agola bata ji. Na fita na zauna a baranda wajen rabin awa, suka fito suna hira suka tafi. Ban tambaya ba shima bai ce komai ba. Sai can kusan shekara 2 kafin ya rasu yake ce min akwai ambulan a cikin akwatin ƙarfe, in ta Allah ta kasance ki ba Baffanku, kar ki buɗe, ya buɗe a gaban kowa.

Haka akayi. Baffa ƙanin Baba ne, shi aka rubuta a matsayin wasiyyi, wato mai zartar da wasiyyar, ya tara mu ya buɗe. Shafi 2 ne, duk da rubutun hannun Baba, an haɗe su da sitefula. Ya rubuta a raba dukiyarsa tsakanin 'ya'yansa kowa da haƙƙinsa, banda ƙaramin gidan da ya siya yake bada haya, wannan ya barwa "'yata", ya saka sunana cikakke. Har lissafi yayi a ƙasa yana nuna gidan bai kai sulusin abun da ya mallaka ba, dan Baba mutum ne mai kiyaye wannan, ya san hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas na sulusi, kuma ya san agola bata da gado, in ba wasiyya ba ko tsinke ba zan samu ba. Ni ba gidan ne ya sani kuka ba, kalmar 'yata ce. Ina cikin kukan naji Yaya babba yace Baffa, Baba bai taɓa min wannan maganar ba. Mai bi masa kuma ko kallon Baffa bai yi ba, ni ya kalla yace ke da kike kwana kike tashi a gidan, waye bai san yanda akayi takardar nan ba. Yaya mace bata ce uffan ba, kanta na ƙasa har aka tashi.

Baffa ya tsufa ga ciwon gwiwa, dan haka ni na zama ƙafarsa. Muka kai takardar sashen kotu da ke tabbatar da wasiyya, dan ba a taɓa gida ko kuɗin banki na mamaci sai kotu ta ba wasiyyi takardar izini. Ma'aikacin ya juya shafi na biyu ya daɗe yana kallo sannan yace Malama akwai matsala fa. Ashe akwai wata jimla da lauyoyi suke sakawa a ƙarshen wasiyya, mai cewa mai wasiyya ya sa hannu a gabanmu mu biyu muna tare a lokaci guda, mu ma muka sa hannu a gabansa. Baba bai saka ta ba, shi dai ya rubuta "Shaida na 1", "Shaida na 2", kowa ya rubuta suna ya sa hannu, ba adireshi ba lambar waya. Yace tunda babu wannan jimlar sai ɗaya daga cikin shaidun ya zo yayi takardar rantsuwa cewa anyi abun yanda doka tace. Jikina yayi sanyi a take. Shaida na 1 ya riga Baba rasuwa da shekara 2, ni na raka Baba ta'aziyya. Shaida na 2 kuma ya saida gidansa tuntuni ya koma wurin ɗansa a wani gari, lambar da muke da ita ta daina shiga. A satin nan kuma yayyena maza suka shigar da takardar ƙorafi cewa kar a bada izini sai an saurare su, shikenan komai ya tsaya cak.

Na fito daga wurin nan na ɗauka magana ta ƙare, dan a tunanina in shaida ya mutu to shaidarsa ta bi shi kabari. Mijina ne ya matsa muka je wurin wata lauya, kuma maganar farko da ta faɗa min har yau tana kunnena, tace mutuwar shaida bata kashe wasiyya, doka ranar da aka sa hannu take dubawa ba ranar da aka zo kotu ba. Ta min bayani dalla-dalla, tace dokar da ake bi a inda muke tushenta dokar wasiyya ce ta Ingila ta 1837 wadda ƙasashe da yawa suka gada, kuma abun da take nema bashi da yawa, a rubuce, mai wasiyya ya sa hannu ko ya amsa cewa sa hannunsa ne a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Ita waccan jimlar ba sharaɗi bace, rashinta baya ɓata wasiyya, sauƙi kawai take kawowa. In shaidu sun rasu ko an rasa inda suke ko basu da lafiyar bada shaida, kotu tana karɓar rantsuwar wani da yake wurin, in babu shi sai a koma kan wanda ya san rubutun mamacin da sa hannun shaidun. Kuma akwai ƙa'idar da alƙalai suke bi, in takarda a fuskarta ta nuna anyi abu daidai to ana ɗaukar anyi daidai har sai an kawo hujjar da ta rushe hakan, sai dai ƙarfin wannan zaton yana raguwa in babu jimlar nan, dan haka mu sai mun tallafe shi da wasu hujjojin. Na tambaye ta to ai duk da hannunsa ya rubuta, wannan bai isa ba? Tace a Faransa da wasu jihohin Amurka wasiyyar da mutum ya rubuta gaba ɗaya da hannunsa tana tsayawa ko ba shaidu, amma banda a tsarinmu. Ta ƙara da cewa a yawancin jihohin Amurka ma ranar sa hannun ake sa shaidu suyi rantsuwa a gaban jami'i a manna a jikin wasiyyar, dan kar a tashi nemansu bayan shekaru. Ina jin haka nace a raina ina ma Baba ya sani.

Sai ta ɗago ta kalle ni tace, ranar da aka sa hannun kina ɗakin?

Wannan tambayar ita ce wurin da yafi min wahala a duk shari'ar, kuma ita ce ban taɓa faɗawa mutane da yawa ba. Nace mata bari in tuna, zan dawo gobe. Ba wai na manta bane, ina sane sarai, lokaci nake nema. A daren nan wata 'yar uwata ta ɓangaren Mama ta kira ni, da na bata labari tace ke dalla waye zai ƙaryata ki? ɗaya ya mutu ɗaya ya ɓata, kice kina tsaye kika ga komai, ai ba ƙarya kika yiwa Baba ba tunda kin san shi ya rubuta. Wallahi maganar ta shige ni. Na kwana ina juyi, ina cewa ai gaskiya ce zan taimaka, ai ba haƙƙin wani zan ci ba. Har na tsara yanda zan faɗa, waye ya fara sa hannu, wane biro. Wajen asuba sai na tuna muryarsa yana cewa ki ja mana ƙofar, sai naji to in na rantse ina ciki ai shi na ƙaryata, shi da ya fitar dani da bakinsa. Da safe naje nace mata Barista bana ɗakin, waje ya tura ni. Na zata ranta zai ɓaci sai naga ta rubuta tana gyaɗa kai, tace mahaifinki ya san abun da yake yi. A dokar nan ta 1837 duk wanda ya sa hannu a matsayin shaida, shi ko matarsa ko mijinta, kyautar da aka bar masa a wasiyyar ta faɗi, kuma ko zama kawai kika yi a ɗakin da yanzu shine makamin da za a ce kin tsaya a kansa. A ofishin nan na fashe da kuka, shekara 7 ina riƙe da ɗan ƙullin nan a raina ashe kare ni yake.

Wani kuskure kuma da ni na tafka da hannuna, ranar da aka karanta wasiyyar na cire sitefular dan in yi fotokwafi in ba kowa, na sake maƙala wata. Sai ga ramuka 4 a kusurwar takarda maimakon 2. Lauyan yayyena ya kama wannan yace alama ce an cire wani shafi ko an canza. Sai da ni da Baffa muka yi wata takardar rantsuwar daban akan yanda aka samu takardar, a ina, wa ya buɗe, wa ya cire ƙarfen kuma dan me. Dan Allah duk wanda wasiyya ta faɗo hannunsa kar ya cire komai, kar ya maƙala komai, ko kilif, ya ɗauki hoto da waya yanda take.

Muka fara da shaida na 1. Ana buƙatar satifiket ɗin mutuwarsa da wanda ya san sa hannunsa, dan haka naje wurin matarsa, dattijuwa ce, ina jin kunya dan kaman na zo tada mata miki. Na gaishe ta nace Mama wata alfarma na zo nema, na nuna mata kwafin. Ta riƙe takardar nesa da ido ta kalla ta kalla sai tace wannan hannun Malam ne, ko cikin duhu na san shi. Tace in dawo bayan kwana 3. Da na dawo na tarar ta fito da kwali cike da ƙananan dayari, ashe mutumin duk shekara yana da littafin da yake rubuta inda yaje, layi ɗaya ko biyu. Ni da jikarta muka zauna a ƙasa muna buɗawa har muka kai shekarar, muka kai watan, sai ga ranar da ke jikin wasiyyar, ya rubuta yaje gidan Baba bayan la'asar, shaidar wasiyya, tare da wane, ya saka sunan maƙwabcinmu. Hannuna rawa yake har na kasa ɗaukar hoton. Matar nan tace ki tafi dashi 'yata, in kotu ta kira ni ma zan je, amanar da ya ɗauka ce.

Neman shaida na 2 kuwa wata 5 ya ci. Barista tace duk inda naje in rubuta, rana da wurin da wanda na tambaya, dan kotu bata karɓar "mun neme shi bamu gani ba" haka kawai, sai an nuna mata anyi nema na gaske. Na tambayi wanda ya sayi gidan yace ta hannun dillali ya siya, dillalin ya canza ofis, na samo shi ya bani lambar da bata aiki, na aika wasiƙa tsohon wurin aikinsa shiru, naje har sau biyu. A ƙarshe a Facebook na samo ɗansa, na tura saƙo ya kwana 19 ba a buɗe ba, kullum sai na duba kafin in kwanta. Ranar da ya amsa yace Baba na nan da rai amma ki zo ki gani da idonki. Naje. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi shekara 3 da suka wuce, baki ya tafi, kuma tunanin ma yana zuwa yana tafiya. Na durƙusa nace Baba ni ce, autar maƙwabcinka, ya kalle ni kaman ya sani kaman bai sani ba. Na saka masa kwafin a cinya, ya daɗe, sai ya ɗora yatsan hannunsa mai lafiya akan sa hannunsa, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ni na tabbata ya gane. Na kira Barista daga tsakar gidan ina cewa in ɗauki bidiyo? Tace a'a, mutumin da ba za a iya yiwa tambaya ya amsa ba kotu ba zata ɗauki nuninsa a matsayin shaida ba, kuma za a ce kin je kin matsawa mara lafiya, abun da muke so takardar likitansa ce da ke cewa ba zai iya bada shaida ba. Naji zafin wannan sosai, ga shaida a gabana da ransa ya san gaskiya amma ba hanyar da zata fito.

Ina shirin tafiya ɗan nasa yace wai baki tuna ni ba? Ai ranar wasiyyar ni na dawo da Babana daga asibiti na sauke shi ƙofar gidanku, na shigo na zauna a baranda ina jiransa, kina zaune a can gefe kin haɗe rai. Wallahi na manta sam akwai wani a barandar nan. Yace ya ga dattawan biyu sun shiga tare sun fito tare, kuma zai rantse akan haka da kuma sa hannun mahaifinsa. A mota ina dawowa nake ta tunanin da na rantse ina cikin ɗakin fa.

Saura hannun Baba kansa. Yayyena sun kawo takardun asibiti na shekararsa ta ƙarshe, lokacin hannu ya fara rawa, sa hannun duk ya karkace, suka ce ku duba bai yi kama da na wasiyyar ba. Kuma gaskiya in ka ajiye su gefe da gefe basu yi kama ba. Masanin rubutu da aka ɗauko yace shi ba ya aiki da fotokwafi in akwai orijinal, dan yana duba nauyin hannu akan takarda da inda biro ya ɗaga da inda ya sauka, kuma yana son samfuri da yawa, musamman na kusa da shekarar da aka rubuta wasiyyar, dan hannun mutum yana canzawa da tsufa da ciwo. Ta hanyar kotu aka samo katin sa hannunsa na banki da fom ɗin fansho da yake cikewa, Baffa ya kawo wasiƙu, ni kuma na ɗauko tsohuwar jakata na zazzage katunan makaranta, tun daga aji 1. Sun tsufa da yawa akan shekarar da ake nema amma yace suna da amfani, dan suna nuna doguwar jelar nan ɗabi'ar hannunsa ce tun da daɗewa.

Da suka ga maganar jabu tana rauni sai aka koma cewa ai lokacin Baba baya cikin hayyacinsa, kuma ni na juya shi. Wannan ta fi min ciwo akan ta jabun, dan duk daren da na kwana a asibiti sai aka maida shi kaman jari na zuba. Barista tace ma'aunin hankalin mai wasiyya daɗaɗɗe ne, daga wata shari'ar Ingila ta 1870 da ake kira Banks da Goodfellow, ya san me yake yi, ya san iya dukiyarsa, ya san waɗanda suke da haƙƙi a kansa, kuma babu wata cutar ƙwaƙwalwa da ta karkatar da hukuncinsa. Fayil ɗinsa na asibiti ya nuna a shekarar suga kawai ake duba masa, kuma mutumin da ya zauna ya lissafa sulusi da hannunsa ya jero 'ya'yansa da sunansu ai takardar ma ta amsa da kanta. Batun tursasawa kuma tace wanda yayi zargin shi zai kawo hujja, kula da tsoho ba laifi bane.

Duk tsawon lokacin nan Yaya mace bata kira ni ba nima ban kira ta ba. Ana saura sati 2 a zauna sai gata da daddare ita kaɗai, ko zama bata yi ba. Tace na kasa bacci, ni na san rubutun Baba ne tun ranar da Baffa ya buɗe, tsoron su Yaya ne ya hana ni magana. Nace Yaya kar ki ɓata da 'yan uwanki saboda ni. Tace ke ma ai 'yar uwata ce, kuma ba dan ke zan yi ba, gobe zan haɗu dashi. Ranar zaman ta tsaya a gaban alƙali, ga yayyenta zaune suna kallonta, aka miƙa mata orijinal, tace rubutun mahaifina ne daga farko har ƙarshe. Barista ta faɗa min daga baya cewa shaidarta tafi ta kowa nauyi, dan ita in wasiyyar ta tabbata rabonta raguwa zai yi. Ni kuma lauyansu ya tsare ni kusan awa 2, tambaya ɗaya yake juyawa ta fuska daban-daban, kin ga sanda ya sa hannu? Nace ban gani ba. Kin san abun da ke ciki? Ban sani ba sai ranar da Baffa ya karanta. To me kika gani? Na ga ambulan da biro da dattawa biyu, sai aka ce in ja ƙofa.

Alƙali ya tabbatar da wasiyyar. Ya jero dalilansa, satifiket ɗin mutuwar na farko da takardar likitan na biyu sun nuna ba a iya samun shaidun, an tabbatar da sa hannu duka ukun, dayari da ɗan shaida sun nuna suna tare a gidan a ranar, kuma babu wata hujja da aka kawo da ta nuna anyi saɓanin doka a cikin ɗakin. Ban yi murna irin wadda na zata ba, gajiya kawai naji, na fito na zauna a bencin nan na kira Baffa, yana ɗagawa yace Alhamdulillah na sauke, sai ya kashe dan muryarsa ta karye.

Kuɗin lauya da na masanin rubutu da zirga-zirga sun ci abun da na tara na shekaru, har yanzu ina biyan bashin da na ci. Yaya babba yana amsa gaisuwata a waya amma a taƙaice, mai bi masa ko sallama baya amsawa, kuma ban daina turawa ba. Wani lokacin ina musu uzuri, dan da Baba ya zaunar dasu ya faɗa musu da bakinsa tun yana raye ƙila da bamu kai nan ba, wannan kam ina ganin ya yi kuskure duk da son da nake masa. Ni da mijina mun je mun rubuta tamu a wurin Barista, da jimlar nan a ƙasa, shaidu biyu matasa, da adireshinsu da lambar waya da ta wani nasu, kuma mun faɗawa duk wanda abun ya shafa.

Shaida na 2 ya rasu sati 3 bayan hukuncin, amma na samu naje kafin nan na durƙusa na faɗa masa a kunne cewa an gama, Allah Ya jiƙansu su ukun. Orijinal ɗin wasiyyar tana kotu, a can take zama, kwafi mai hatimi aka bani. Katunan makarantar kuma an dawo min dasu bayan wata 2 kowanne da lambar kotu manne a gefe. Yaya mace ta zo tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, tace ita nata duk sun ɓata wajen tashi daga gida zuwa gida, ko zan bata ɗaya saboda sa hannun. Na ce ta zaɓa, ta ɗauki na aji 3.